Lamba 2,147,483,647 da Danginta

Ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa lambobi duk ɗaya ne, sai dai wata babba wata ƙarama. Masana lissafi kuwa sukan dube su kamar yadda muke duban mutane. Kowace tana da halinta, tana da gidansu, tana da danginta. In baƙo ya sauka a gari mukan tambaye shi, "Ɗan gidan wa ne kai?" Da ya faɗa, mun riga mun san abubuwa da yawa game da shi. Haka yake ga lamba. A wannan rubutu za mu ɗauki lamba guda, watau 2,147,483,647, mu bi asalinta, mu ga yadda sanin danginta ya sauƙaƙa aikin waɗanda suka yi bincike a kanta.

Da fari bari mu san girmanta. Ta haura biliyan biyu. In mutum ya soma ƙirga, lamba ɗaya kowane sakan, dare da rana ba hutawa, sai ya yi shekara 68 kafin ya kai gare ta. Ga kuma wata hanya. A ce wani ya yi alkawari zai ba ka kobo 1 ran 1 ga Disamba, kobo 2 ran 2 ga wata, kobo 4 ran 3, kobo 8 ran 4, kullum ninkin na jiya, har ran 31. Ran 10 ga wata naira 5 da kobo 12 kaɗai za ka karɓa, har ka ce wannan kyauta ba ta taka kara ta karya ba. Amma in wata ya ƙare ka tara duka, za ka tarar da kobo 2,147,483,647 daidai, watau naira 21,474,836 da kobo 47. Ku riƙe wannan misali, gama za mu bukace shi a gaba.

Mece ce lamba ƙi-rabo?

A ce malami yana da ɗalibai 12, yana so ya jera su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa. Yana iya yin sahu 2 na mutum shida-shida, ko sahu 3 na hurhuɗu, ko sahu 4 na uku-uku. Amma in su 13 ne, ko yaya ya juya su sai an sami saura, sai dai ya sa su duka a sahu ɗaya, ko kowa ya tsaya shi kaɗai. Lamba irin 13, wadda ba mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, ita ce muke kira firam a aji. A nan za mu kira ta ƙi-rabo, domin ta ƙi rabuwa. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31. Ba a sa 1 a cikinsu, gama ƙi-rabo masu raba ta biyu ne, 1 kuwa ɗaya kaɗai gare ta. Lamba 2 ce kawai cika a cikinsu, sauran duka mara ne.

Darajarsu ita ce, su ne tubalin da aka gina sauran lambobi da su. Lamba 360 ita ce 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Lamba 1,001 ita ce 7 × 11 × 13. Kowace lamba mai rabuwa tana warwaruwa zuwa tubalinta, ta hanya ɗaya tak.

Suna da iyaka? Yuklid, wanda ya yi koyarwa a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, ya nuna ba su da iyaka. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ɗauki kowane jerin ƙi-rabo da kake da shi, ka ninka su duka, ka ƙara 1. Sabuwar lambar, ko da wacce ka raba ta daga cikin jerin, sai 1 ta yi saura. Saboda haka ko dai ita kanta sabuwar ƙi-rabo ce, ko kuwa tubalinta ba su cikin jerinka. Misali, 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13, a ƙara 1, ya zama 30,031, wanda shi ne 59 × 509. Ga sababbi biyu sun fito. Ashe samun manyan ƙi-rabo ba abin shakka ba ne. Wahalar ita ce a nuna wata lamba da yatsa, a ce wannan tana cikinsu, a kuma kawo hujja.

Yaya ake gwada lamba?

Ido ba ya gane ƙi-rabo. Ɗalibai da yawa in an tambaye su 91 sukan ce ƙi-rabo ce, alhali 7 × 13 ce. Dole a gwada. Amma ba sai an raba da dukan lambobin da ke ƙasa da ita ba. Ɗauki 97. In lambobi biyu za su ninku su ba da 97, tilas ɗayarsu ba ta kai 10 ba, domin 10 × 10 ya riga ya wuce 97. Don haka 2, 3, 5 da 7 kaɗai za mu gwada. Ba wadda ta shiga daidai, shi ke nan 97 ƙi-rabo ce.

Mu zo ga tamu. Ba a cika ba ce, 2 ba ta raba ta. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ba ta raba ta. In mun haɗa alƙalumanta goma muna samun 46, wanda 3 ba ta raba shi, don haka 3 ma ta fita. Har ina za mu ci gaba? Lamba 46,340 sau 46,340 ta ba da 2,147,395,600, ƙasa kaɗan da tamu, 46,341 sau kanta kuwa ta wuce ta. Iyakar gwajin ke nan, 46,340. Ƙi-rabo da ke ƙasa da wannan iyaka su 4,792 ne. In kowace doguwar rabawa za ta ci minti biyar da alƙalami da takarda, aikin zai kai wajen awa 400, kuskure ɗaya kuma ya isa ya ɓata duka. A zamanin da ba na'ura, wannan ba ƙaramin kaya ba ne. A nan ne sanin dangi ya shigo.

Gidan Mersenne

Ku tuna da kyautar kobo. Kwana biyu na farko sun ba da 1 + 2 = 3. Kwana uku, 7. Kwana huɗu, 15. Kwana biyar, 31. Kowanne saura 1 ya cika 4, 8, 16, 32, watau lambobin da ake samu in ana ta ninka 2 da 2. Mukan rubuta 2 × 2 × 2 × 2 × 2 a taƙaice 2⁵, ƙaramar lambar sama tana faɗin yawan biyu-biyun da aka jera. To, 31 ita ce 2⁵ − 1, tamu kuwa 2³¹ − 1. Lambobi masu wannan siffa ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani fada na ikkilisiyar Katolika a Faransa, wanda ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Daga ɗakinsa a Paris ya riƙa musayar wasiƙu da manyan masana na zamaninsa, irin su Fermat da Descartes da Galileo.

Dokar farko ta wannan gida ita ce, in lambar sama mai rabuwa ce, to lambar Mersenne ɗin ma mai rabuwa ce. Za mu ga dalili in mun tuna da ƙidayar biyu-biyu da muke koya a ƙananan azuzuwa, inda 0 da 1 kaɗai ake rubutawa. A can 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 31 kuma 11111. Kowace lambar Mersenne jerin ɗaya-ɗaya ce zalla. Ɗauki 63, watau 2⁶ − 1, wadda ake rubutawa 111111. Ɗaya-ɗaya shida suna yankuwa bibbiyu, 11 11 11, ko uku-uku, 111 111. Shi ya sa 3 da 7 suke raba 63. Ɗaya-ɗaya 31 kuwa ba su yankuwa daidai, gama 31 ƙi-rabo ce. Tamu ta tsallake wannan tarko.

Amma tsallake shi bai isa ba. Lambobin sama 2, 3, 5, 7 sun ba da 3, 7, 31, 127, dukansu ƙi-rabo. Mai gaggawa zai ce doka ta samu. Sai ga 11 ta ba da 2,047, wadda take 23 × 89. Kama da wane ba wane ba ne.

Manyan masana ma sun yi tuntuɓe a nan. A 1588 Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar cewa 2¹⁷ − 1, watau 131,071, da 2¹⁹ − 1, watau 524,287, ƙi-rabo ne, ya kuwa yi daidai domin ya gwada su. Sa'an nan ya ce haka ma abin yake ga 23, 29, 31 da 37, ba tare da gwaji ba. Uku daga cikin huɗun nan sun faɗi: 47 tana raba ta 23, 233 tana raba ta 29, 223 kuma tana raba ta 37. A 1644 Mersenne ya buga nasa jerin, ya ce daga lambobin sama har zuwa 257, masu ba da ƙi-rabo su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Daga baya aka gane 67 da 257 ba su cancanta ba, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Dukansu biyu sun ambaci 31, amma faɗa ce kawai, hujja ba ta zo ba tukuna.

Yadda Euler ya rage aikin

Wanda ya kawo hujjar shi ne Leonhard Euler, ana furta sunan Oila. Ɗan fasto ne, an haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707, ya rasu a Rasha a 1783. A 1772, sa'ad da ya sanar a wata wasiƙa cewa 2,147,483,647 ƙi-rabo ce, idanunsa sun riga sun mutu kusan gaba ɗaya. Bai yi rabawa 4,792 ba. Ya tambayi kansa, wace irin lamba ce ma za ta iya raba 'yar wannan gida?

Tun 1640 Pierre de Fermat ya gano amsa ta farko. Ninka lambar sama sau 2. Duk ƙi-rabon da za ta raba lambar Mersenne ɗin, tilas in an ɗebe mata 1 ta zama ninkin abin da ka samu. Mu gwada da 2,047. Lambar sama 11 ce, sau 2 ya zama 22. Masu raba ta 23 da 89 ne: 23 ita ce 22 da 1, 89 kuma 22 sau 4 da 1. Doka ta tsaya. Ga tamu, 31 sau 2 ya zama 62. Ashe 7, 11, 13, 17 da ɗaruruwan irinsu ba su ma da izinin shiga gwajin. Sai masu siffar 63, 125, 187, 249, 311 da sauransu.

Euler ya ƙara doka ta biyu. Mai raba lambar wannan gida, in an raba ta da 8, tilas saura ya zama 1 ko 7. Dubi 23, saura 7. Dubi 89, saura 1. Da ya haɗa dokokin nan biyu, sai ya ga waɗanda suka rage su ne lambobin da in an raba su da 248 saura yakan zama 1 ko 63. Ƙasa da 46,340 irin waɗannan ba su kai 400 ba, yawancinsu kuma masu rabuwa ne, ba sai an gwada su ba. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311, sai 1,303, sai 1,489. Kuna iya yin ta farkon da kanku: 311 ta shiga cikin 2,147,483,647 sau 6,905,092, saura 35. Haka aka bi sauran, ba wadda ta shiga daidai. Aikin dubbai ya koma na gommai. Ba ƙarfin hannu ya yi shi ba, sanin halin gidan ne.

Da wannan tamu ta zama ta takwas a jerin ƙi-rabon Mersenne, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Ta kuma yi shekaru masu yawa tana riƙe da matsayin ƙi-rabo mafi girma da aka sani.

Gidajen da take ciki, da waɗanda ba ta ciki

Mutum yana da dangin uba da na uwa da na aure. Lamba ma tana iya zama 'yar gida fiye da ɗaya.

Na ɗaya, lambar samanta, 31, ita kanta ƙi-rabon Mersenne ce, gama 2⁵ − 1 ce. Watau 5 ta haifi 31, 31 ta haifi 2,147,483,647. Ana kiran irin wannan Mersenne riɓi biyu. Huɗu kaɗai aka sani masu ƙi-rabo: 7, da 127, da tamu, da 2¹²⁷ − 1. Amma zuriyar ba ta ci gaba ba. In aka sa tamu a sama, lambar da ke fitowa mai rabuwa ce, an riga an gano wasu masu raba ta.

Na biyu, duk ƙi-rabo banda 2, in an raba ta da 4, saura 1 ne ko 3. Masu saura 1 ana iya rubuta su a matsayin jimlar murabba'i biyu, murabba'i kuwa shi ne lamba sau kanta. Misali 5 = 1 + 4, 13 = 4 + 9, 29 = 4 + 25. Masu saura 3, kamar 7 da 11, ba su yarda da haka. Dalili a fili yake: kowane murabba'i in an raba shi da 4, saura 0 ne ko 1, jimlar biyu kuwa ba za ta taɓa ba da saura 3 ba. Tamu ita ce 4 × 536,870,911, a ƙara 3. Saboda haka ba tare da gwada ko da guda ba, mun san babu murabba'i biyu a duniya da za su haɗu su ba da ita.

Na uku, akwai tagwaye, watau ƙi-rabo biyu da 2 kaɗai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 17 da 19. Tamu ba ta da ɗan tagwai. A ƙasa 2,147,483,645 ta ƙare da 5. A sama 2,147,483,649 ita ce 3 × 715,827,883. Maƙwabtanta na kusa su ne 2,147,483,629 a baya da 2,147,483,659 a gaba. In aka jera dukan ƙi-rabo tun daga 2, ita ce ta 105,097,565.

Na huɗu, akwai gidan da ke ɗauke da sunan Sophie Germain, wata mace Bafaransa da ta rayu daga 1776 zuwa 1831, ta koya wa kanta lissafi a zamanin da ba a buɗe wa mata ƙofar manyan makarantu ba. 'Yan gidanta su ne ƙi-rabon da in an ninka sau 2 aka ƙara 1, a sake samun ƙi-rabo, kamar 11 mai ba da 23, da 23 mai ba da 47. Tamu ba ta ciki, gama tana ba da 4,294,967,295, mai ƙarewa da 5. Amma ku lura da 23 da 47, mun gamu da su ɗazu. Akwai doka cewa in lambar sama ta fi 3, 'yar gidan Germain ce, kuma mai saura 3 ce in an raba da 4, to abin da ta bayar shi ne zai raba lambar Mersenne ɗinta. Abin da ya kā da 11 da 23 ke nan. Ita 31 tana ba da 63, wanda yake 7 × 9, da haka ta kuɓuta. Rashin zama 'yar wani gida ma yana da labarin da yake bayarwa.

Cikakkun lambobi

Mutanen dā ba don girma suka nemi lambobin nan ba, cikakkun lambobi suke nema. Cikakkiyar lamba ita ce wadda in an tara masu raba ta, banda ita kanta, a sake samunta. Misali 6 = 1 + 2 + 3, 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Na gaba su ne 496 da 8,128. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya yi magana a kan cikar 6 a littafinsa Birnin Allah, inda ya danganta ta da kwana shida na halitta.

Yuklid ya nuna cewa kowace ƙi-rabon Mersenne tana haifar cikakkiyar lamba. Ƙara mata 1, raba biyu, ka ninka da ita. Daga 3 muna samun 2 × 3 = 6. Daga 7, 4 × 7 = 28. Daga 31, 16 × 31 = 496. Daga 127, 64 × 127 = 8,128. Bayan shekara kusan dubu biyu Euler ya nuna cewa duk cikakkiyar lamba da take cika ta wannan hanya take fitowa, ba wata. Tamu tana ba da 1,073,741,824 × 2,147,483,647, watau 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas. Ko akwai cikakkiyar lamba mara, da kuma ko ƙi-rabon Mersenne suna da iyaka, tambayoyi ne biyu da masana ke fama da su har yanzu.

Hanyar da ba ta bukatar mai rabawa

Ga lambobin da suka fi tamu nesa, dabarar Euler ma takan gaji. Édouard Lucas na Faransa ya kawo wata hanya dabam, wadda Derrick Lehmer na Amurka ya gyara a 1930. Soma da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe 2, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe saura. Maimaita da sauran. Yawan matakan shi ne lambar sama a ɗebe 2. In ka ƙare da 0, ƙi-rabo ce. In ba haka ba, mai rabuwa ce.

Mu gwada 31, mai lambar sama 5, mataki uku ke nan. Na ɗaya, 16 ban da 2, 14. Na biyu, 196 ban da 2, 194, a raba da 31, saura 8. Na uku, 64 ban da 2, 62, wanda yake 31 × 2, saura 0. Ta ci. Ga 2,047 mataki tara ne: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba ta ƙare da 0 ba, ta faɗi. Tamu mataki 29 kaɗai take bukata. Wannan gwaji ma ga 'yan gidan Mersenne kaɗai yake aiki, shi ya sa yawancin manyan ƙi-rabon da aka sani daga gidan suke.

A 1876 Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, da hannu. Ba a zarce ta ba sai 1951. Gwajin yana faɗin cewa lamba tana rabuwa, amma ba ya faɗin mai raba ta. An san 2⁶⁷ − 1 mai rabuwa ce tun kafin a ga tubalinta, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a wani taron masana a New York cewa ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Da kwamfuta ta zo, sai gudu ya ƙaru. A 1952 kaɗai Raphael Robinson ya sami sababbi biyar, da lambobin sama 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281. A 1996 George Woltman ya kafa shirin GIMPS, inda masu sa kai a ƙasashe dabam-dabam ke ba da aron kwamfutocinsu ta intanet. A Oktoba 2024, ta wannan shiri, Luke Durant ya gano mai lambar sama 136,279,841, ta 52 da aka sani a gidan. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Mai karanta alƙalami ɗaya kowane sakan ba tsayawa zai yi kusan kwana 475 kafin ya gama faɗinta.

Ina amfaninta?

A 1811 wani masani Bature na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya a sami wanda zai wuce inda Euler ya tsaya, domin a ganinsa lambobin nan na sha'awa ne kawai, ba su da amfani. Ga abin da ya biyo baya.

Kwamfuta tana ajiye lamba da 0 da 1 a cikin gurabe masu iyaka. A tsarin gurbi 32, ɗaya yakan nuna ko lambar ta sama da sifiri ce ko ta ƙasa, saura 31. In duka suka cika da 1, me muka samu? Lambarmu, 2,147,483,647. Ita ce rufin ɗakin. Na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu 1970. Shekara 68 ɗin nan da muka ambata za su cika ran 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 da sakan 7 na asuba agogon GMT. Na'urar da ba a gyara ba, sakan ɗaya bayan haka za ta ɗauka ana Disamba 1901. Saboda haka aka daɗe ana mai da na'urori zuwa gurbi 64. Amma mu yi hankali, wannan ya faru ne domin ita jerin ɗaya-ɗaya 31 ce, ƙin rabuwarta ba shi da hannu a ciki. Sabon rufin, 2⁶³ − 1, mai rabuwa ne, kun kuma san dalili: 63 tana yankuwa uku-uku da bakwai-bakwai, don haka 7 da 127 suna raba shi.

Inda ƙin rabuwarta ya yi aiki shi ne wajen samar da lambobin ƙuri'a, waɗanda masu bincike ke bukata don zaɓen samfuri da gwaje-gwaje. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar wata hanya da ta bazu ƙwarai: ɗauki lamba, ninka da 16,807, raba da 2,147,483,647, riƙe saura, maimaita. Daga 1 ana samun 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. Domin mai rabawar ƙi-rabo ce, an kuma zaɓi 16,807 da kyau, jerin yakan ratsa dukan lambobi 2,147,483,646 kafin ya komo farko. Haka kuma tsarin RSA na 1977, wanda ake kulle saƙonni da shi, ya dogara ga cewa ninka manyan ƙi-rabo biyu abu ne mai sauƙi, warware su kuwa mai wuya ne ƙwarai. Can ba a amfani da sanannu irin tamu, sai na ɓoye masu ɗaruruwan alƙaluma, amma ilimin gwada su daga wannan bincike ya tsiro.

Aikin hutu

Ɗalibai, Cataldi da Mersenne manya ne, duk da haka inda suka faɗa ba gwaji sun yi kuskure. A lissafi hujja ake bi, ko daga bakin wa magana ta fito. Euler kuma ya koya mana mu zauna mu san irin tambayar da ke gabanmu kafin mu ɗauki alƙalami. Wannan yana da amfani a ɗakin jarrabawa kamar yadda ya yi masa amfani.

Ga aiki uku na hutu. Na ɗaya, ku rubuta dukan masu raba 496, ku tara su banda ita. Na biyu, ku gwada 127 da hanyar Lucas da Lehmer, mataki biyar ne. Na uku, ku ɗauki 8,191, watau 2¹³ − 1. Iyakar gwajinta 90 ce, ƙi-rabo 24 ne a ƙasa da iyakar. Ku tace su da dokar Fermat, sa'an nan da dokar Euler ta 8. In kun yi daidai, za ku tarar rabawa ɗaya tak ta rage muku. Ku kawo wa malaman lissafi amsoshinku in an komo makaranta.